Yadda Ake Zaɓen Kwamfutar Tace Bidiyo Da Kuɗi Kaɗan

A 'yan shekarun nan wata sabuwar sana'a ta shigo karkara. Ita ce sana'ar ɗaukar bidiyo da tace shi. A da, in za a yi babban biki a ƙasar Batsari ko Safana, sai an ɗauko mai kyamara daga birni. Yau kuwa da wuya a je gari ba a sami saurayin da ke ɗauka da wayarsa ba. Ana kiran irin waɗannan samari wajen ɗaurin aure, da suna, da saukar karatu, da wa'azi, da taron siyasa.

Ɗauka ba ta da wuya. Wuyar tana wajen tacewa. Waya na iya tace bidiyon minti 2 ko 3. Amma bikin awa 3 ya fi ƙarfinta. A nan ne yaro kan zo wa mahaifinsa da maganar sayen kwamfuta.

To, a gidan manomi a Darini ko Wagini ko Runka, kuɗin kwamfuta ba a aljihu suke ba. Sai an kai sa kasuwa, ko an taɓa rumbun gero, ko an sayar da rogon shekara. In aka sayo wadda ba ta dace da aikin ba, an yi asara biyu. Ga sa ya tafi, ga sana'a ba ta tashi ba. Saboda haka ya kamata uba da ɗa su san abin da za su nema tun kafin su hau mota.

Mene ne tace bidiyo?

Aikin mai tace bidiyo kamar na tela ne. Tela yakan shimfiɗa yadi, ya yanke, ya zubar da ƙyalle, ya ɗinke sauran. Haka mai tacewa yakan yanke wurin da hoto ya girgiza, ya haɗa masu kyau, ya gyara murya, ya rubuta sunan ango da amarya.

In ya gama, akwai sauran mataki ɗaya. Dole kwamfuta ta bi aikin daga farko har ƙarshe, ta dunƙule shi ya zama bidiyo guda wanda za a tura wa mai biki. Masu sana'ar na kiran wannan mataki randarin. Shi ne ya fi wahalar da kwamfuta. A cikin daƙiƙa 1 ta bidiyo akwai hotuna 25 ko 30. Watau a bidiyon awa 1 akwai hotuna 90,000 ko fiye. Kowanne sai kwamfuta ta sarrafa shi. Mai ƙarfi za ta gama kafin a sha shayi a tashi. Marar ƙarfi za ta wuni tana kuka. In wuta ta ɗauke ana tsaka da aikin, sai a koma farko.

Sana'ar tana da tarihi a ƙasar Hausa. A shekarar 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a kaset. A zamanin kaset, masu ƙaramin ƙarfi da injin bidiyo biyu suke tacewa, ɗaya na nunawa ɗaya na naɗa. Daga baya kwamfuta ta karɓe aikin gaba ɗaya.

A fara da tambayar wuta

Masu shago a birni kan fara da tambayar, "Nawa ka zo da shi?" Amma tambayar da ya kamata mutumin ƙauye ya fara yi wa kansa ita ce, da wace wuta zai yi aiki?

Kwamfuta iri biyu ce. Akwai ta girke, wadda ake ajiyewa a kan tebur da akwatinta da allonta. Akwai kuma laftof, wadda ake naɗewa a sa a jaka. In kuɗinsu ɗaya ne, ta girke ta fi ƙarfi, ta fi jure zafi, kuma ta fi sauƙin gyara. Amma ta fi cin wuta nesa ba kusa ba.

Ga lissafi. Laftof tana cin kamar wat 60 in tana aiki sosai. Ta girke da allonta tana iya cin wat 200. Batirin sola mai lamba 100, irin mai nauyin nan, in ana so ya daɗe, rabin cajinsa kawai ake sha. Wannan rabin zai riƙe ta girke kamar awa 3. Zai riƙe laftof kamar awa 8 ko 9. Ga shi laftof na da nata batirin. In inji ya mutu, ba za ta mutu nan take ba.

Mai dogara da janareta kuma ya tuna da kuɗin mai. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kowace awa da inji ya yi yana ruri daga ribar aiki ake cire ta.

Akwai wani dalili da mutanen bakin dajin Rugu suka fi kowa sani. Wanda ya taɓa barin gida cikin dare saboda 'yan bindiga ya san bambancin abin da ake ratayawa a kafaɗa da abin da sai an ɗauka a ka. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Saboda haka ga mazaunin ƙauyen da babu wutar gwamnati, laftof ta fi. Wanda ke da shago a cikin gari, da sola mai ƙarfi, shi ne zai amfana da ta girke. Shi ma lalle ya saya mata sitabilaiza, domin wutar ƙaramin janareta tana hawa tana sauka.

Ƙwaƙwalwar kwamfuta, da tarkon "i7"

Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ita ke yin lissafin aikin duka. Kamfanoni biyu ne suka fi yin ta, Intel da AMD. Kayan hannu da ke kasuwanninmu yawanci na Intel ne. Sunayensu su ne Core i3, da Core i5, da Core i7.

A nan ne aka fi cutar baƙo. Mutane sun ji cewa i7 ta fi i5. Sai mai saye ya shiga shago yana cewa shi dai i7 yake so. Mai shago kuwa ya ɗauko masa tsohuwar i7, ya tsuga kuɗi.

Ai ko a kara, ba a sayen san huɗa don girman ƙaho. Sai an buɗe baki an duba haƙori. Ita ma furosesa tana da haƙoran da ke nuna shekarunta. Su ne lambobin da ke bin sunanta. In lambobin 4 ne, yawanci ta farko ita ke nuna zubi. Alal misali, i7-2600 zubi na 2 ce, ta fito a shekarar 2011. Ita kuwa i5-8500 zubi na 8 ce, ta fito a 2018. In lambobin 5 ne, kamar i5-10400, biyun farko ake karantawa, watau zubi na 10.

Me ya sa zubi ke da muhimmanci? A cikin kowace furosesa akwai ƙananan ma'aikata da ke raba aiki a tsakaninsu, kamar 'yan gayya a gona. Ita i7-2600 tana da 4. Ita i5-8500 tana da 6, kuma kowannensu ya fi sauri. Ke nan a wannan misali i5 ta kere i7.

A laftof ma haka abin yake. Furosesa i7-7500U ma'aikata 2 kacal gare ta. Amma i5-8250U tana da 4. Sunan ta farko ya fi daɗin faɗa a majalisa, amma ta biyu ta fi ta aiki.

Harafin da ke ƙarshen lamba shi ma yana magana. A laftof, U na nufin mai tsimin wuta. H na nufin mai ƙarfi, mai shan wuta, mai ɗaukar zafi. A ta girke, in aka ga F, kamar i5-9400F, to ba za ta nuna hoto ba sai an saya mata katin hoto dabam. Mai kuɗi kaɗan ya kauce mata. Su kuwa Celeron da Atom, ko da kwamfutar sabuwa ce fil a kwali, ba na wannan aiki ba ne.

Shawara a nan ita ce a nemi i5 zubi na 8 ko sama. Dalilai uku ne. Na farko shi ne yawan ma'aikatan da aka ambata. Na biyu, tun 2011 Intel ke sa wani sashe na musamman mai suna Quick Sync a cikin furosesa don saurin sarrafa bidiyo. Amma na tsofaffin zubi bai san sabon tsarin da wayoyin yanzu ke naɗa da shi ba, wanda ake kira HEVC. Shi ya sa bidiyon waya kan riƙa sarƙewa a tsohuwar kwamfuta. Na uku, a ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 yadda ya saba. Windows 11 kuwa an tsara ta ne don zubi na 8 zuwa sama. Wanda ya sayi zubi na 6 ko na 7, kwamfutarsa za ta yi aiki, amma ya san ya sayi san da ya fara tsufa, kuma kada ya biya kuɗin matashi.

In an ci karo da ta AMD, Ryzen 5 ita ce takwarar i5. Mai lamba 5600G, wadda ta fito a 2021, tana da ma'aikata 6, kuma ba ta bukatar katin hoto.

Tabarmar aiki

Abu na biyu shi ne RAM. Ita ce tabarmar da kwamfuta ke baza aiki a kai. In tabarma ƙarama ce, sai tela ya yi ta naɗe wannan yadi don ya shimfiɗa wancan. Lokaci na tafiya. Ana auna ta da giga.

Giga 4 ba ta aikin bidiyo. Giga 8 za ta lallaɓa. Giga 16 ita ce daidai. Kamfanin Adobe, mai manhajar tacewa ta Premiere Pro, giga 16 ya ba da shawara ga bidiyo mai lamba 1080, giga 32 kuma ga mai lamba 4K.

Abin daɗi shi ne ana iya ƙara RAM daga baya. Mutum na iya farawa da giga 8, in ya yi aikin biki biyar ko shida ya ƙaro wata 8. Amma sai ya tabbata akwai gurbin ƙari. Wasu siraran laftof an like tasu da dalma, ba a cirewa ba a ƙarawa. A sa mai shago ya kwance murfi a gani da ido. Sa'an nan RAM iri-iri ce. Akwai DDR3, da DDR4, da DDR5, kuma wata ba ta shiga gurbin wata. Farashinta ya yi tashin gwauron zabi a duniya a ƙarshen 2025. Don haka in aka sami kwamfutar da ta zo da giga 16 a jikinta, a dube ta da kyau kafin a wuce.

Rumbu

Abu na uku shi ne wurin ajiya, watau rumbun kwamfuta. Shi ma iri biyu ne. Tsohon yayi ana rubuta shi HDD. A cikinsa akwai faifai mai juyawa. Yana da arha, yana da faɗi, amma yana da nawa, kuma in ya faɗi ƙasa yakan mutu da duk abin da ke cikinsa. Sabon yayi shi ne SSD. Ba abin da ke motsi a cikinsa. Ko mai arha daga ciki ya ninka HDD sauri kamar sau 4. Ga wanda ke goya kwamfuta a babur a kan hanyar burji, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Bidiyo na cin wuri ƙwarai. Minti 1 na bidiyon waya mai lamba 1080 na iya kai megabayit 130. Awa 1 ke nan kusan giga 8. Bikin da aka ɗauki awa 3 ya cinye giga 24. Biki 10 sun cika SSD mai giga 256, tun ba a lissafa wurin da Windows ta zauna ba.

Dabarar masu ƙaramin jari ita ce a haɗa biyun. A sa SSD mai giga 256 ko 512 a cikin kwamfuta don aikin da ake kai. A sayi HDD na waje mai tera 1, watau giga 1,000, don ajiye aikin da aka gama. Wannan zai ɗauki biki kamar 40.

A yi hattara da filas ko SSD da aka rubuta wa tera 2 amma kuɗinsa bai kai na buhun masara rabi ba. Akwai na jabu da ke nuna babbar lamba alhali cikinsu ƙanƙane ne. Sai an zo buɗe bidiyon mutane a tarar ba komai.

Katin hoto: a jinkirta

Katin hoto wani sashe ne da ke taimaka wa furosesa wajen launi da ado. Samari na son maganarsa, domin masu wasannin kwamfuta sun cika zuzuta shi. Gaskiyar magana, mai yanka bidiyon biki da wa'azi zai iya farawa ba tare da shi ba, muddin furosesarsa zubi na 8 ce ko sama. Kuɗinsa gara a zuba su a RAM da SSD.

In sana'a ta kankama, mai ta girke na iya ƙara na hannu, kamar GTX 1050 Ti ta 2016 ko GTX 1650 ta 2019, duka na kamfanin Nvidia. Kowanne wat 75 yake ci. Sai dai a lura. Yawancin kwamfutocin ofis da ake shigowa da su, irin su Dell OptiPlex da HP ProDesk da Lenovo ThinkCentre, akwai masu siririn akwati. Waɗannan gajeren kati kawai ke shigarsu, kuma tukunyar wutarsu ƙarama ce. Mai niyyar ƙara kati wata rana ya zaɓi mai babban akwati tun farko. A laftof kuwa ba a ƙara kati. Yadda ta zo haka za ta ƙare.

Wani abu kuma. Wayoyi da yawa na ɗaukar 4K, kuma yaro na jin daɗin cewa da 4K ya ɗauka. Amma 4K ya ninka 1080 nauyi sau 4. Su kuwa masu biki a waya za su kalla, ta WhatsApp za su raba wa dangi, shi kuma matse bidiyo yake yi kafin ya tura. An wahalar da kwamfuta a banza ke nan. A saita waya a 1080. In kuma aiki ya yi wa kwamfuta nauyi, manhajojin tacewa na da wata dabara mai suna furoksi. Sukan yi ƙaramin kwafe marar nauyi a yi yanka da shi, sai wajen randarin su koma kan na asali.

Manhajar da za a yi aiki da ita

Ita ma tana da hannu a zaɓe. CapCut tana da sauƙin koyo, amma wasu kayan adonta sai da intanet da biyan kuɗi. Premiere Pro kuɗin haya ake biya mata. DaVinci Resolve tana da ta kyauta mai kyau, sai dai tana son giga 16 da katin hoto. Shotcut da Kdenlive kyauta ne, ba su da nauyi, kuma in an sauke su sau ɗaya ba ruwansu da intanet.

Wannan magana ta ƙarshe tana da nauyi a yankinmu. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Batsari da Safana. An yi watanni a haka. Kayan aikin da ba ya motsi sai da sabis ba abin dogaro ba ne shi kaɗai.

Ranar saye

Ana samun kwamfutocin hannu a Katsina. Wanda ke son zaɓi da yawa yakan wuce Kano, kasuwar Fam Santa ko titin Beirut. Yawancin kayan daga ƙasashen waje suke zuwa, da yawa ta Legas. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, farashi ba ya zama wuri ɗaya. A zaga shago uku ko huɗu a ji kafin a zauna ciniki.

Kada mutum ya tafi shi kaɗai in bai san kan abin ba. Ya nemi wanda ya sani, ko ɗalibi ne daga jami'ar Dutsin-Ma, ya biya masa kuɗin mota. Kada kuma a yarda da takardar da aka manna a jikin kwamfuta. Takarda ana ɓarewa a manna wata. A kunna kwamfutar, a danna maɓallai uku tare: Ctrl da Shift da Esc. Wani allo zai buɗe. A shiga wurin da aka rubuta Performance. A nan kwamfutar za ta faɗi cikakken sunan furosesarta, da yawan RAM, da irin rumbunta. A kwafe lambobin a takarda, a gwada da abin da mai shago ya faɗa.

Gwajin da ya fi kowanne shi ne na aikin kansa. A tafi da bidiyon minti 10 a filas, wanda aka ɗauka da wayar da za a riƙa aiki da ita. A roƙi mai shago a sa shi a manhaja a yi randarin, ana duba agogo. A saurari fanka. A taɓa ƙasan kwamfutar a ji zafinta. In ta mutu da kanta ana cikin aikin, a bar ta ko nawa aka rage. In laftof ce, a zare caja a ga ko batirin zai yi awa 1. A gwada kowace kafa ta filas. Mai shagon da ya ƙi yarda a gwada, a yi masa sallama a ƙara gaba.

In an daidaita, a karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago, da lambar jikin kwamfutar, da kwanakin garanti. Rasit na kare mutum daga sayen kayan sata, kuma zai yi amfani in jami'an tsaro suka tambaya a hanya.

Kada a kashe kuɗin duka a kan kwamfutar. A rage na caja mai kyau, da jaka, da HDD na waje, da kuɗin komawa gida.

Bayan an kawo ta gida

Abokan gabarta biyu ne, ƙura da zafi. Ƙurar hunturu kan toshe fanka. Zafin bazara, daga Maris zuwa Mayu, yakan haura digiri 40. In furosesa ta ɗau zafi, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Sai aikin awa 1 ya koma awa 2. Kada a ɗora laftof a kan katifa ko darduma, domin ta ƙasa take shaƙar iska. A ɗora ta a kan tebur ko katako, a ɗan ɗaga bayanta. A riƙa yin randarin da sassafe ko da dare. In an gama a rufe ta da ƙyalle. Bayan kowane hunturu a kai wa mai gyara ya buɗe ya busa ƙurar.

Bidiyon biki kuwa amanar mutane ne, kuma ba a sake ɗaura aure don hoto ya ɓace. Kada a goge abin da ke cikin waya sai an kwafe shi wuri biyu, a kwamfuta da HDD na waje. Shi HDD ɗin a ajiye shi a wani ɗaki dabam, ba cikin jaka ɗaya da kwamfutar ba. In kuma bidiyon na cikin gida ne, wurin mata, a miƙa wa masu shi, a tambaye su ko a goge ko a ajiye.